Kada Mu Jira Sanarwar Rasuwa Kafin Mu Ji Labarin Abokan Karatu

Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, musamman na waɗanda suka bar makaranta tsakanin 1965 da 1985, ya san labaran da ke shigowa kusan iri uku ne. Ko dai an ba wane muƙami ko an naɗa shi sarauta, ko wane ya sauka daga Makka ko zai aurar da 'ya, ko kuma hoto ya faɗo da sassafe, a ƙarƙashinsa an rubuta wane ya riga mu gidan gaskiya, jana'iza bayan la'asar. Nan da nan sai addu'o'i su yi ta zuba, a yanka kuɗin da za a kai ranar addu'ar bakwai, kowa ya tura nasa ta momo. Daga nan kuma shiru, sai wata rasuwar.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa mutumin da ake yi wa wannan addu'a ya yi shekara biyar, wani ma goma, babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Sai ranar da ya tafi ake jin ashe ya daɗe a kwance, ashe ɓarin jikinsa ya shanye tun bara waccan, ashe matarsa ta riga shi, ashe a ɗakin haya guda ya ƙarasa rayuwarsa a wani lungu na Ashaiman ko Aboabo. Kuɗin nan da aka tara na addu'a, da rabinsa ya isa hannunsa yana raye, da ya sha maganin hawan jini na watanni. Don haka ra'ayina shi ne, babban aikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kafin ginin katanga da bikin cika shekara, shi ne ta san halin da kowane ɗan aji yake ciki, ta ji daga bakinsa, ta rubuta ta ajiye, tun yana da rai.

Bari mu fara da sanin su wane ne waɗannan dattawa. Yawancinsu sun yi karatu ne a tsohon tsari: shekara shida a firamare, huɗu a midil, biyar a sakandare, sannan biyu a aji shida ga wanda Allah ya nufa da jami'a. Sai a 1987 gwamnati ta rushe midil ta kawo ƙaramar sakandare ta shekara uku. A wancan zamani, yaron Zango da ya shiga boko ba da sauƙi ya shiga ba. Makarantun da ke kusa yawanci na mishan ne, iyaye kuma na tsoron kada a sauya wa yaro addini, don haka da yawa sai da aka kai ruwa rana a gida kafin a bar su. Wanda ya tsallake ya kai sakandare irin ta gwamnati da ke Tamale, wadda aka buɗe a 1951 kuma ake kira Tamasco a yau, ko T.I. Ahmadiyya ta Kumasi da aka buɗe a 1950, ana nuna shi da yatsa a unguwa. Da safe boko, da yamma allo, ranar hutu kuma kasuwa.

Su ne kuma mutanen da tarihi ya tarwatsa. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Akwai yaran da a Kumasi ko Ankara aka yanke musu cibi, ba su san wata ƙasa ba sai Gana, amma suka bi iyayensu a bayan manyan motoci zuwa Nijeriya, Nijar, Togo ko Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta. Aka dawo aji aka tarar da kujeru babu kowa. Bayan shekaru, da tattalin arziki ya durƙushe, malamai da masu sana'a suka kwarara Legas da Kano neman abinci, sai kuma a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, suka dawo suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Wasu suka nufi Libiya, wasu Saudiyya, wasu suka zama boga a Jamus, wasu suna Bronx a Amurka har yau. Aji guda na mutum talatin ko arba'in, in ka bi sawunsa, za ka ga tarihin ƙasar nan gaba ɗaya a ciki. Amma wa ya bi?

Mun san labarin waɗanda suka yi suna. Kowa ya san marigayi Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya riƙe mataimakin shugaban ƙasa, daga 2001 zuwa 2009, ɗalibin sakandaren Tamale ne, haka ma Dakta Mahamudu Bawumia da ya riƙe kujerar daga 2017 zuwa 2025. Abin alfahari ne, babu musu. To amma waɗanda suka zauna benci ɗaya da su fa? Wanda ya ƙare a matsayin malamin firamare a wani ƙauye kusa da Salaga, ya koyar da yara shekara talatin da biyar. Wanda ya zama ma'aikacin jinya, da wanda ya bar karatu a aji uku saboda mahaifinsa ya rasu, ya kama tuƙin mota tsakanin Kumasi da Bawku ya riƙe ƙannensa. Su ne suka fi yawa, su ne kuma ba a jin labarinsu, domin zaurukanmu sun koya wa mutane cewa labari sai na nasara. Wanda ba shi da hoton sabon gida ko na ɗa sanye da rigar digiri, sai ya ga gara ya yi shiru. Shirun nan ba girman kai ba ne, kunya ce.

Kuma lokacin da suke ciki lokaci ne mai wuya. Wanda ya gama aji biyar a 1975 ya cika shekara 60 wajajen 2017 ko 2018, shekarun ritaya ke nan ga ma'aikacin gwamnati. Bai daɗe da fara karɓar fansho ba tsadar kaya ta taso, har a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. A watan ne kuma gwamnati ta fito da shirin sauya takardun bashin cikin gida, har a Fabrairun 2023 muka ga tsofaffi 'yan fansho zaune a ƙofar ma'aikatar kuɗi da kwalaye a hannu, cikinsu har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo. Waɗannan fa masu ɗan abin ajiya ne. Fanshon SSNIT sai wanda ya yi zubi na aƙalla wata 180 a ƙarƙashin dokar 2008, kuma mu faɗi gaskiya, mahauci da tela da direba da ɗan kasuwar Zango da malamin makaranta, nawa ne a cikinsu suka yi wannan zubi? Inshorar lafiya ta ɗauke wa ɗan fanshon SSNIT biyan kuɗin shekara, ta ɗauke wa wanda ya kai 70, amma tela mai shekara 64 da idonsa ya daina ganin ramin allura ba ya cikin ko ɗaya. Akwai ma waɗanda suka kai 70 ɗin amma katinsu ya mutu a aljihu, ba su san ana sabunta shi ta waya ba. Abu ne da ɗan aji ɗaya zai gyara cikin minti goma, in ya san halin da ake ciki.

Ba a maganar mata ma. Yarinyar da aka cire daga midil aka yi mata aure tana da shekara goma sha biyar, sunanta na rajista ya ɓace tun tuni, yanzu Hajiya ce ko Maman wane. Wataƙila da kuɗin koko da ƙosai ko na shinkafa da wake ta ɗauki nauyin 'ya'ya huɗu har jami'a. A wurina wannan labari ya fi na sarauta nauyi, amma ba ta cikin zauren, domin waɗanda suka buɗe zauren sun ɗauka tsohon ɗalibi shi ne wanda ya karɓi takardar gamawa. A'a, duk wanda sunansa ya taɓa shiga rajistar ajin ɗan aji ne.

In muka dubi manyan makarantun kudu, akwai abin koyi. Mfantsipim tun 1876 take, Achimota tun 1927, kwalejin Prempeh tun 1949, kuma kowacce tsofaffin ɗalibanta na da sunan da suke kiran juna da shi: na Achimota Akora, na Prempeh Amanfoo, na Opoku Ware Akatakyie. Sun tsara kansu aji-aji bisa shekarar gamawa, kuma in shekarar wani aji ta zagayo, su ke ɗaukar nauyin bikin makaranta, su bar mata wani aiki. Mutane na ganin gine-ginen su ce ai masu kuɗi ne. Kuɗi na ciki, amma abin da ya riga kuɗi shi ne lissafin mutane. Sun san su nawa ne, wa ke ina, wa ya rasu, wa ya bar marayu. Ba a tara kuɗi daga mutanen da ba a san inda suke ba, kuma mutum ba ya buɗe aljihu ga ƙungiyar da ba ta taɓa tambayar lafiyarsa ba.

Kada kuma wani ya ce wannan al'adar Turawa ce ko ta 'yan mishan. Rubuta labarin malamai da almajirai abu ne da muka gada. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya rubuta littafi sukutum kan tarihin rayuwar malaman mazhabar Malikiyya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. A nan ƙasar, Alhaji Umaru Karaci, haifaffen Kano da ya zauna Salaga kuma ya rasu a Kete-Krachi a 1934, an san almajiransa da garuruwan da suka bazu domin an riƙe silsila, wane ya karanta wurin wane. A shekarun 1960, lokacin da Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, masana irin su Ivor Wilks sun tarar da irin waɗannan takardu a hannun malamai, da su aka gano hanyoyin da ilimi ya bi ya shigo. Kakanninmu da tawada da alƙalamin kara suka yi wannan. Mu da waya a kowane aljihu, makarantar allo ko ta Islamiyya nawa ce a Nima, Sabon Zango ko Asawase za ta iya fito da sunayen waɗanda suka sauke a cikinta shekara arba'in da suka wuce? Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu da dama suka shiga tsarin gwamnati, ɗalibansu na farko yanzu furfura ta fara fito musu. Lokacin fara rubutu ya yi, har ya so ya wuce.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar ofis ko tallafin kowa. Kowane aji ya nemi jerin sunayensa, daga rajistar makaranta in tana nan, in babu a zauna a tuno, kowa ya kawo wanda ya tuna. A raba sunayen, mutum ɗaya ya ɗauki biyar. Sau ɗaya a shekara, misali bayan Babbar Sallah, ya nemi mutanensa biyar, wanda ke kusa ya taka ya je, domin zumunci a ƙafa yake, wanda ke nesa ya kira shi. Tambayoyin kaɗan ne: ina kake zaune yanzu, me kake yi da ranakunka, yaya jiki da iyali, me kake so 'yan aji su sani? A ɗauki amsar da murya, da Hausa ko Dagbanci ko Turanci ko duk harshen da ya fi wa mutum daɗi, tunda ido ya yi rauni kuma ba kowa ke iya latse-latsen waya ba. Jikoki su mayar da shi rubutu. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a taɓa ba: kowa layinsa daidai da na kowa. Tsohon minista layi goma, tsohon direba layi goma, a jera su bisa harafin suna kamar yadda malam ke kiran rajista, ba bisa muƙami ba. Wanda labarinsa na bana shi ne yana kiwon awaki uku yana raka jika makaranta, labari ne cikakke, a rubuta. Wanda aka nema ba a samu ba, a sa sunansa a ce ana cigiya, domin sau da yawa wani a Yamai ko Zariya zai gani ya ce ai ga ɗansa nan a unguwarmu. Waɗanda suka rasu a shekarar a rubuta musu nasu, da abin da suka yi a duniya, ba ranar jana'iza kaɗai ba. A buga kofi kaɗan, ɗaya a kai wa makarantar ta ajiye, sauran a raba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za a ce mu mutane ne masu son rufin asiri, dattijo ba ya son a san ba shi da na cefane, tona halin mutum a takarda cin mutunci ne. Gaskiya ne. Shi ya sa dole a raba abu biyu. Abin da zai shiga takarda shi ne abin da mutum ya yarda da bakinsa a faɗa, a karanta masa ya ji kafin a fitar. Ko dokar ƙasa ta kare bayanan mutane, ta 2012, ba ta yarda a baza bayanin lafiyar mutum yadda aka ga dama ba. Abin da mai ziyara ya gani da idonsa kuwa, kwalbar magani babu komai, rufin ɗaki na yoyo, wannan ba na zaure ba ne. Ya kai wa mutum biyu ko uku da ajin ya amince da su, a yi abin da za a yi a ɓoye. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma fuska ba a ganinta a WhatsApp. Rufin asiri na gaskiya shi ne a san halinka a taimake ka ba tare da duniya ta ji ba. A bar ka kai kaɗai da ciwonka don kada a ba ka kunya, wannan sunansa sakaci.

Za a kuma ce da zarar an buɗe wannan ƙofa, ƙungiya ta zama wurin roƙo, 'yan kaɗan masu hali su gaji su gudu. Wannan ma yana faruwa, mun ga ƙungiyoyin da rigimar kuɗi ta kashe. Maganinsa shi ne kada a haɗa labari da kuɗi a kwano ɗaya. Takardar shekara ba takardar neman taimako ba ce. In aji na son asusun jinƙai, ya yi shi daban kamar adashi, da ƙa'ida a rubuce, da lissafin da ake karantawa a gaban kowa. Kuma ba kowace matsala ce ta kuɗi ba. Cikin kowane aji akwai wanda 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce a Korle Bu ko Komfo Anokye, akwai wanda ya san yadda ake bin takardun fansho da suka maƙale, akwai mai mota da ke zaune ba ya komai ranar Talata. Wani dattijon ma ba abin da yake nema illa wanda zai zauna su sha shayi, ya kira shi da sunan tsokanar da aka sa masa a aji biyu, su yi dariya. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Sai kuma masu cewa wannan duk tatsuniyar tsofaffi ce, gara a sa ƙarfi kan yara. Ai don yaran ne ma. Tun Satumban 2017 da aka fara sakandare kyauta, yaran Zango da ke shiga sun ƙaru, da yawansu kuma su ne na farko a gidansu. Yaron nan in ka ce masa ya zama kamar mataimakin shugaban ƙasa, zai gyaɗa kai kawai, abin ya yi masa nisa. Amma ka ba shi labarin mutumin layinsu da ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya sake zama, ya zama safiyo, ko na wanda aka koro daga Legas da jaka ɗaya ya fara daga tushe, wannan zai shige shi. Har labarin wanda ya samu ya ɓarnatar, in ya yarda ya faɗa, darasi ne da babu shi a littafin makaranta. Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen ƙasar nan, masu jin Hausa a matsayin harshen gida kuma wani yanki ne na wannan adadi. Al'umma irin tamu, in ba ta rubuta labarin mutanenta ba, wasu ne za su rubuta mata, kuma mun san irin abin da aka saba rubutawa kan Zango.

Abu na ƙarshe shi ne siyasa. Zauruka da yawa sun mutu ne a lokacin zaɓe, mutanen da suka ci gari da shito a kwano ɗaya a ɗakin kwana suka koma zagin juna saboda NDC da NPP, masu kawaici suka fice ɗaya bayan ɗaya. Takardar shekara na iya dawo da su, domin ba ta tambayar wa ka zaɓa, jikinka take tambaya.

Ban raina abin da ƙungiyoyinmu suka yi ba. Akwai waɗanda suka haƙa rijiyar burtsatse, suka gyara ajujuwa, suka sayi kwamfuta, Allah ya saka musu. Amma katanga za ta jira baɗi, dattijo mai shekara 72 kuwa babu wanda ya san ko zai jira. Shugabannin aji da sakatarori, musamman na waɗanda suka gama kafin 1985, a taronku na gaba ku ajiye maganar anko da kalanda, ku ɗauko jerin suna ku karanta ɗaya bayan ɗaya. Duk sunan da aka kira aka rasa mai cewa na gan shi ko na ji muryarsa a bana, a ba wani shi tun kafin a tashi, ya nemo shi kafin wata ya ƙare. 'Ya'ya da jikoki kuma, ku tambayi tsohonku sunan abokan bencinsa, ku nemo masa lambar ko da mutum ɗaya, ku sa masa a kunne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da kyau da imani.